Muryar Yaya a Bakina

Talata, bayan azahar

Sun tafi da Yaya.

Mutum huɗu ne, babu kaki a jikinsu, motarsu babu lamba. Da hantsi suka same shi a shagonsa, ya kwance kan wani keken ɗinki ya jera kusoshin a faranti. Mai shayin da ke kusa da shi ya ce har izini ya nema ya wanke baƙin man da ke hannunsa, ba su bari ba. Ya ce da za su tura shi mota sai da ya yi musu sannu da aiki. Wai wannan ne mutumin da ya tayar da gari.

Da ajami nake rubutun nan, shi kaɗai na iya. Ya ma fi. Matar Yaya boko ta yi, ba ta karanta shi, Inna kuma idonta ya yi rauni.

Laraba, da safe

Inna ba ta yi kuka ba. Tsakar gida ta share sau uku, har tsintsiya ta fara kankare siminti. Matar Yaya, wadda nake kira Kwamishina saboda yadda take juya mu a gidan nan, ta zaga ofis uku jiya. Ko'ina sai a ce mata ba a nan yake ba, ta gwada gaba. Ta dawo ƙafarta duk ƙura. A da da na ce mata Kwamishina yau rangadi aka fita babu mota? Bakina ya buɗe da kansa, na rufe shi.

Tattasai, 'yarsu mai shekara huɗu, an gaya mata babanta ya tafi gyaran wani babban keke a nesa.

Laraba, la'asar

Na je shagon aski don kada a ce me ya hana ni. Babu zancen da ake yi sai na saƙon muryar nan. Kwana goma sha ɗaya ke nan yana yawo a wayoyi, bai kai minti biyu ba. Ana jin mutum ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce "to, ka gane ko," irin yadda Yaya yake fara kowace magana. Sai ya ce wanda ya shafa jan fenti a bangon gidajenmu ya je ya shafa a gidan ubansa, titin da za a faɗaɗa ba a kan ƙashin talaka zai bi ba, ranar Asabar kowa ya fito, shi ne zai shiga gaba.

An fita ranar Asabar ɗin. Abin da ya faru a mahaɗar titi ba zan rubuta ba. Na dai ga hayaƙi, na ga takalman mutane a zube har washegari babu wanda ya dawo ɗauka. Yaya kuwa a ranar ɗaki ya kulle kansa yana jan carbi.

Wani direba da nake yi wa aski ya ce yayana namijin duniya ne, shiru-shiru ashe ba tsoro ba ne. Malamin firamaren da ke jiran layi ya ce namijin me, ya zuga 'ya'yan mutane ya koma ƙarƙashin gado. Suka kaure. Reza ta zame mini, na buɗe wa direban hanya a ƙeya, dole na ce masa yayi ne na sauke gashin duka.

Dogo, wanda kujerarsa ke kusa da tawa, ta madubi yake kallona. Gara ya zage ni.

Alhamis, azahar

Na kasa cin abinci. Na ce haƙori ne.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

A ce akwai wani mutum. Tun yana makarantar allo ake kiransa Aku, don babu muryar da ba ya iya ɗauka. Ya taɓa yin muryar Malam daga bayan katanga ya sallami ɗalibai gaba ɗaya, ya sha bulala goma sha biyu, bai daddara ba. A ce wannan mutum yana da wa, wanda ko kaza aka ce ya kama sai ya ba ta haƙuri tukuna. Ranar da aka shafa jan fenti, wan ya tsaya gaban bango ya ce to, ka gane ko, hukuma sai haƙuri. Sai abin ya ba ƙanen dariya. Ya ce bari ya yi wa abokansa su biyar wasa, su ji yadda zai kasance in wannan bawan Allah ya zama ɗan gwagwarmaya.

Shi mutumin nan ba ya karanta boko. Da hoto yake gane mutane a waya. Guruf ɗinsu na mutum biyar hoton zaki ne a kai. Bai san cewa a makon nan shugaban guruf ɗin unguwa, mai mutum ɗari biyu da wani abu, shi ma ya cire hoton titi ya sa zaki don ƙarfafa wa jama'a gwiwa ba. Zaki biyu a waya ɗaya. Ya danna na sama.

Kafin Dogo ya kira ya ce kai mahaukaci goge, mutum arba'in sun saurara. Na goge. Na goge, wallahi na goge, amma magana zarar bunu ce.

Na ce a ce wani mutum ne, ga shi na rubuta "na". Ba zan karce ba.

Yaya ƙaramar waya mai tocila gare shi, a bakin mutane ya ji. Suna ɗaga masa hannu a hanya, yana ce musu ba shi ba ne, suna dariya suna cewa mun gane, mun gane. Da yamma ya same ni ina wanke tsumman aski, ya daɗe a tsaye, ya ce, "Aku, ka rage wasa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Asabar, da safe

Farar mota ta wuce ƙofar shago sau biyu. Tana da lamba. Amma kafin in ga lambar har na shige bayan shago.

Lahadi, la'asar

Kwamishina ta tabbata na'ura aka yi amfani da ita. Ta ce yanzu akwai abin da ke haɗa muryar mutum, kuma ta san mijinta, ko ita bai taɓa ɗaga wa murya ba balle hukuma. Ta zauna a bakin ƙofar kicin tana tsine wa wanda ya yi, shi da hannun da ya danna, da makogwaron da ya furta, Allah ya hana shi barci. Ta juyo ta ce in ce amin.

Na ce amin.

Litinin, hantsi

Tunda babu mai karantawa, bari in faɗi nawa ra'ayin, ni da ba a taɓa tambaya ba.

Titi abu ne mai kyau. Ni ma na gaji da cunkoso, na ga mai naƙuda ta haihu a cikin mota a mahaɗar nan. Amma ka zo wa mutum da gwangwanin fenti ka ce mako uku, ba ka nuna masa inda zai kai tsohuwarsa ba, wannan ba gyara ba ne, ƙarfi ne. Layin kuma da ya iso katangar wani babban gida sai ya lanƙwashe kamar maciji ya ga sanda. Kowa ya gani. Masu ce mana haƙuri ibada ce, na zaga na duba, babu jan fenti a bangonsu. Haƙuri yana da daɗin wa'azi in rufin wani ne zai tashi.

Su ma namu ban bar su ba. Wanda ya ƙona rumfar mai gyaran taya, me mai gyaran taya ya yi masa? Shi ya zana titin? Masu cewa Yaya gwarzo ne, sun sa hotonsa a wayoyinsu, babu ɗaya da ya tako gidan nan ya gaishe da Inna. Suna tsoron a ga takalminsu a ƙofarmu.

To ni fa? Ni da na faɗi gaskiya sai da na ari bakin wani. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ƙarya ne. Tsuntsun yana nan a bushe yana aske wa mutane gemu.

Talata, azahar

An gano inda yake. Wani lauya mai taimakon waɗanda aka kama ranar Asabar ne ya ga sunansa a takarda. Gobe za a bar mu mu gan shi, ɗaya bayan ɗaya, minti biyar-biyar.

Laraba, bayan la'asar

Na gan shi.

Ba zan rubuta yadda hannunsa na dama yake ba. Da shi yake zura zare a allura ba tare da ya duba ba.

Kwamishina ce ta fara shiga, ta fito ta wuce ni ba ta gan ni ba. Da na shiga, akwai raga tsakaninmu, ga mai gadi a kan kujera yana danna waya. Na shirya magana tun daga gida, duk ta gudu. Shi ya fara. Ya tambayi ƙafar Inna, ya ce a mayar wa mai keken nan kayansa, kusoshin suna cikin faranti, guda goma sha huɗu ne, kada a ba shi da gibi. Na matsa kusa na ce Yaya zan gaya musu.

Ya ce, "Na riga na ce musu ni ne. Na sa hannu."

Na ce don me.

"Kai ba za ka yi kwana ɗaya a nan ba. Bakinka zai kashe ka. Ni na iya shiru." Ya yi gyaran muryar nan tasa sau biyu, har na ji tsigar jikina ta tashi. Ya ce abin da na faɗa ma ai ba ƙarya ba ne, shi ne dai ba zai iya faɗa ba ko da zai shekara ɗari. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce amma zancen gidan uba ya yi yawa, ba haka aka tarbiyyantar da mu ba.

Mai gadi ya ce lokaci.

Abin kunyar shi ne, da na fito waje na ji sanyi a raina. Na ji daɗi. Ya ce kada in faɗa, to ba laifina ba ne. Har bakin titi ina jin daɗin nan.

Alhamis, da safe

Lauya ya zo gida. Ya ce tuhumar tunzura jama'a ce, kuma tunda an rasa rai a ranar, shekarun ba kaɗan ba ne. Ya faɗi adadi. Inna ta tambaye shi shekarun Tattasai nawa za su zama, ya yi kamar bai ji ba. Litinin ta sama za a shiga kotu. Ya ce sa hannun da aka yi a irin wurin nan ana iya rushe shi, amma fa sai in an nuna wa alƙali cewa muryar ba tasa ba ce. Kwamishina ta ce na'ura. Ya ce Hajiya, alƙali ba ya ɗaure na'ura, mutum yake so ya gani.

Ni ina gefe ina zuba masa ruwa har kofi ya cika ya zube.

Juma'a, yamma

Dogo ya ja ni bayan shago. Ya ce in na buɗe baki ba ni kaɗai zan tafi ba, za a bi guruf ɗin mutum biyar ɗaya bayan ɗaya, shi kuma matarsa tana da cikin wata takwas. Ya ce Yaya babba ne, ya san abin da ya zaɓa. Na ce kai ne fa ka fi kowa dariya da na fara gwada muryar a nan. Ya ce dariya ba laifi ba ce. Na ce a da.

Asabar, azahar

Motar rusau ta fara daga can ƙarshen layi. Ana jin ta har nan, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin kujerar aski. Babu wanda ya fito. Babu wanda ya yi ko tari.

Litinin, la'asar

Na je.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce wa Inna za ni sayo reza. Na tsaya a ƙofar ofishin waɗanda suka kama Yaya na fi awa, na wuce na dawo, na wuce na dawo, har mai sayar da ruwa ya tambaye ni ko wani abu na yar. Na shiga. Aka kai ni wurin wani mai tumbi yana cin gyaɗa a kan fayil. Na ce ni ƙanen wane ne, kuma ni na yi saƙon, wasa ne.

Bai ko ɗago ba. Ya ce ni ne na uku da ya zo da wannan zancen a kwanakin nan, kowane ɗan iska yana son a sa hotonsa a waya. Sai ya kira wasu biyu daga ɗayan ɗakin ya ce ku zo ku ga ɗan wasa. Ya ce to bismilla, yi mana.

Na buɗe baki. Ni da na yi muryar liman, na yi ta mai shelar ɓatan yaro, na yi ta Inna har Yaya ya amsa daga banɗaki. Na yi gyaran murya, sai wani abu ya fito kamar ɗan akuya da aka taka. Na sake. Idona yana kan wata igiyar roba da ke rataye a ƙusa bayan kujerarsa. Na sake, babu komai, iska kawai.

Suka yi dariya har ɗaya ya riƙe bango. Duk rayuwata dariyar mutane nake nema, ban taɓa samun kamar ta yau ba. Mai tumbin ya ce in ɓace kafin ya canza ra'ayi, in kuma gaishe da tsohuwa.

Na ɓace. Da gudu ma.

Talata, da safe

Ina ji ban yi iya ƙoƙarina ba. Ina ji makogwarona ya san abin da nake so.

Laraba, bayan azahar

Inna ta kira ni in yanke mata farce. Ina riƙe da ƙafarta ta ce rezar da na je saya ranar Litinin tana ina. Na ci gaba da yankan farcen. Ta ce Yaya in zai yi gyaran murya daga ƙirji yake tasowa, nawa daga hanci. Ta ce tun ranar da aka kunna mata saƙon ta sani.

Na ce Inna me zan yi.

Ta janye ƙafarta. "Kada ka kuskura ka tambaye ni. Ni na haife ku ku biyu. Ba za ka ɗora mini wannan ba."

Ta juya fuska bango. Farce uku ban yanke ba.

Alhamis, la'asar

Rusau ya iso gidan mai wanki. Saura gida tara.

Juma'a, hantsi

Na sami lauya a ofishinsa na gaya masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Bai zage ni ba. Ya ce in na tsaya gaban alƙali na yi muryar, aka ji da kunne, akwai hanya. Ba alkawari ba ne, hanya ce. Ya ce in sani daga wurin ba gida zan dawo ba, kuma kalmar wasa ba ta da nauyi a inda aka rasa rai. Zancen abokaina ya ce zai yi ƙoƙari, su ba su tura komai ba. In kuma na tsaya muryar ta ƙi fita kamar rannan, na ƙara wa Yaya nauyi, za a ce iyali sun shirya ƙarya.

Ya ce in gwada masa. Ta ƙi.

Ya ce ina da kwana biyu.

Asabar, azahar

Ta ƙi.

Lahadi, bayan la'asar

Na jira gida ya yi shiru. Inna tana barci, Kwamishina na ɗauka ta fita kai wa Yaya abinci da yarinyar. Na shiga ɗakina na tura ƙofa. Na daina tunanin alƙali. Na tuna Yaya kawai, yadda yake sunkuyar da kai gefe in yana sauraron keke, yadda yake jan numfashi kafin ya yi magana kamar yana neman izinin iska. Na saukar da abin daga hanci zuwa ƙirji. Na yi gyaran murya sau biyu na ce to, ka gane ko.

Ta fito. Tsaf, har ta fi ta cikin saƙon.

Sai na ji gudun ƙananan ƙafafu a tsakar gida. Tattasai ta banko ƙofa tana cewa Baba ya dawo. Ta duba bayan ƙofa, ta duba ƙarƙashin gado, ta ɗaga labule. Ta tsaya tana kallona ta ce ina na ɓoye shi.

Uwarta tana tsaye a bakin ƙofa da kular abinci a hannu. Ba su fita ba ashe. Ita ma ta taho da sauri, ɗankwalinta ma a hannu yake. Na ga fuskarta lokacin da murnar take sauka, wani abu yana hawa.

Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kular a ƙasa a hankali, ta ce wa yarinyar ta je wurin Inna. Ta ce, "Ranar nan har amin ka ce."

Na ce na ce.

Na gaya mata duka, zaki biyu, mai tumbi, lauya, da abin da Yaya ya ce a bayan raga. Da na zo kan cewa ya sani tun farko, sai ta zauna a bakin gado ta rufe fuska. Ana jin motar rusau.

Da ta buɗe fuska ta tambaye ni ƙarfe nawa lauya ya ce. Na ce tara. Na ce ina tsoro, Yaya, kada ta sake maƙalewa. Ban taɓa kiranta Yaya ba sai yau.

Ta ce, "Zan zauna a layin gaba. In ta maƙale ka kalle ni. Ban yafe maka ba, kada ka ɗauka na yafe. Ka dai kalle ni."

Ta ɗauki kular ta fita.

Litinin, bayan asuba

Na sa riga biyu, an ce ɗakin da ake tsare mutane da sanyi. Na bar wa Dogo mabuɗin akwatin kayan askina a ƙarƙashin tabarmar ƙofarsa. Inna ba ta ce je ka ba, ba ta ce zauna ba, ta dai riƙe kaina ta yi addu'a mai tsawo.

Na gwada sau ɗaya a banɗaki a hankali, muryar tana nan.

Ga Kwamishina can tana ƙwanƙwasa mini ƙofa.